Rasuwar Soja, Tocilar da Ruwa Ba Ya Ci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yanzu ta kasa ɗagowa ta kalli maƙwabta, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda na taɓa dalle wa ido ba tare da ya roƙe ni ba, rasuwar tocilata, wadda aka fi sani da Soja. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe uku da kwata na yamma, a cikin shagona na ɗinkin littattafai, a hannuna na dama, bayan gajeriyar jinyar da ba ta kai minti biyu ba. Ta yi wata goma sha ɗaya a tare da ni. Ruwa ne ajalinta, duk da cewa a jikin kwalinta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ruwa ba ya cin ta.

Na so in buɗe sanarwar nan da irin kalmomin da ake buɗe ta mutane, matata ta ce in ji tsoron Allah, ƙarfe ne. Na bi maganarta. Da na fara bin ta tun bara, da ba a kai ga rubuta wannan takarda ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ga taƙaitaccen tarihinta. Na fara ganin ta ne a waya, wata rana ina zaune ina jiran gam ya bushe a bangon wani ƙamus. Wasu ƙarti ne masu baƙaƙen kaya suke jefo ta daga saman bene, su bi ta kanta da mota, su nutsar da ita a tafki, su ciro ta tana ci kamar ba a yi komai ba. Na kalli bidiyon nan sau tara a zama ɗaya. Ni mutum ne da aikinsa zare da allura da gam da bangon littafi. Wuri mafi duhu da nake shiga shi ne ƙarƙashin teburina idan allura ta faɗi. Amma kafin gam ɗin nan ya bushe na riga na gamsu cewa shekara arba'in da shida na yi ina yawo a duniya cikin haɗari ban sani ba. Na yi odarta. Mako biyar na yi ina leƙa titi duk lokacin da babur ya tsaya.

Da ta iso, na wanke hannu kafin in buɗe kwalin. Baƙa ce wuluk, tsawonta bai fi tafin hannu da ɗan yatsa ba, amma da nauyi kamar guduma. A bakinta akwai wasu haƙora na ƙarfe, wai don fasa gilashin mota idan an maƙale a ciki, ko don kare kai idan an far wa mutum. Ba ni da mota. Faɗan ƙarshe da na yi kuwa a firamare ne, kuma ni aka kayar. Duk da haka na saƙala ta a ɗamara a cikin kubenta, na fito ƙofar shago na tsaya ina kallon hanya. Maƙwabcina mai aski ya ɗago daga kan da yake aski, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Barka da fitowa, Kwamanda." Tun daga ranar sunan ya bi ni, ita kuma ta zama Soja.

Marigayiya ta kasance mai ƙarancin magana. Sautinta ɗaya ne a duniya: ƙas. Idan ka danna makunnin da ke gindinta, ƙas, haske ya zo. Ka sake, ƙas, ya ƙaru. Haka har hawa biyar. Na farko don karatu ne, mai taushi, ba ya cutar da kowa. Na huɗu kuwa idan na tsaya a ƙofar gida da magariba na miƙa shi, har tsatsar tankin ruwan da ke saman benen ƙarshen layinmu ana gani. Na biyar shi ne mai walƙiya, wanda aka yi don ruɗa abokin gaba. A iya sanina mutum biyu ya taɓa ruɗawa. Na farko ni ne, ranar da na kalle ta ido da ido na danna. Na biyu wani bawan Allah ne da ake yi wa gyaran gemu a shagon mai aski, wanda ya tashi da rabin gemu ya nufi ƙofa. Ina amfani da wannan dama in sake ba shi haƙuri.

Ba za a ce ba ta yi aikin alheri ba. Ta gano allura ashirin da wani abu. Ta gano ɗan kunnen matata a bayan kabad. Ta leƙa maƙogwaron autarmu lokacin da ta ce yana mata ciwo, ko da yake likita ya ce wani lokacin mu riƙa amfani da hawa na farko, yarinya ce, ba rami ba ce. Ta tona asirin wata tsaka da ta daɗe tana zaune a rufin shago. Duk waɗannan ayyuka, na sani, fitilar waya za ta iya yin su. Amma fitilar waya ba ta cewa ƙas.

Yanzu sai batun jinyarta, wanda shi ne ɓangaren da na fi jin nauyin rubutawa, domin ni ne ciwon.

A jikin kwalin an ce tana iya zama cikin ruwa mai zurfin mita biyu har rabin sa'a. Na faɗa wa mai aski, ya ce kwali ba ya jin kunya, komai ma zai iya faɗa. Na ji zafin maganar. Na ɗebo ruwa a bokiti na ajiye a tsakanin shagunanmu, na kunna Soja, na sake ta a ciki. Bokitin nan ya yi haske kamar an sa wata a ciki. Mutum bakwai suka tsaya kallo, har da mai sayar da lemo da ya bar kurarsa. Da rabin sa'a ta cika na ciro ta tana ci, aka yi tafi. Ban taɓa yi wa littafi bango an yi mini tafi ba.

Daga nan abin ya zama jiki. Duk wanda ya kawo aiki, kafin mu yi maganar littafinsa sai ya ga bokiti. Na sa ta a duron ruwan wanka. Na sa ta a firji cikin kwano har ruwan ya daskare, na fasa ƙanƙarar a gaban yara. Na tsaya da ita a ƙarƙashin indararo. Wani malamin makaranta da ya kawo littattafan ɗakin karatu ya ga gwajin sau uku a mako ɗaya, daga baya sai ya koma aiko da su ta hannun direba.

Abin da masu tafi ba su gani ba shi ne abin da nake yi bayan sun watse. Zuciyata ba ta kwanciya. Sai in shiga ciki, in kwance murfin gindinta, in zare batirin, in leƙa. A bakin murfin akwai wani ɗan zoben roba siriri, baƙi, mai maiƙo. Sai in sa tsinin allura in ciro shi, in goge maiƙon nan tas da tsumma, domin a ganina datti ne, in ɗaga shi sama in duba, in mayar. Da na ga ya fara bushewa yana fari-fari, sai na ɗebo man da matata ke shafa wa hannu na laƙaba masa. Na ji daɗin dabarata ƙwarai.

Wata rana matata ta same ni a wannan hali, ta tsaya tana kallo har na gama.

Ta ce, "Maigida, in dai ka yarda ruwa ba ya shiga, me kake nema a ciki?"

Na ce, "Tabbaci."

Ta ce, "To Allah ya sa ka same shi kafin man hannuna ya ƙare."

Akwai takardar bayani a cikin kwalin, ninki takwas. Ni da takarda ce abincina, ban buɗe ta ba. Ban ga abin da kamfani zai koya mini game da tocilata ba.

Kafin in zo kan ranar Talata, dole in ambaci Inna, domin mutuwar nan ba ni kaɗai ta taɓa ba. Inna tsohuwar ungozoma ce a unguwarmu, ta doshi tamanin, ta daɗe da ajiye aiki. Mako ɗaya kafin rasuwar ta sauko shagona tana dogara sanda, da wata jaka a hammata. Shagon nawa yana ƙasa da titi, sai an sauko matakala uku, kuma ba shi da taga sai ƙofa. Ta zauna ta huta, sannan ta fito da littattafan rubutu guda bakwai, bangonsu duk ya ci. A ciki ta rubuta kowace haihuwa da ta karɓa a shekara arba'in da ɗaya: rana, sunan uwa, abin da aka samu, da yadda aka yi. Da alƙalamin tawada ta yi rubutun, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta ce idonta ya soma tafiya, tana so a haɗa su wuri ɗaya da bango mai ƙarfi ta ba jikarta da ke karatun jinya.

Ta ce, "Babu irinsu a ko'ina, ɗan nan. Ka riƙe su da kyau."

Na ce, "Inna, kamar suna hannunki."

Sannan na nuna mata bokiti. Ta kalla cikin haƙuri, ta ce, "Madalla," ta tashi.

Na warware ɗinkin littattafan bakwai, na jera shafukan bisa shekaru, na tara su tuli guda. Wurin da ya dace da su shi ne kanta ta sama. Amma kanta ta sama tuni Soja ta mallake ta, a can kwalinta yake, da cajarta, da tsumman goge ta. Sai na ajiye aikin Inna na shekara arba'in da ɗaya a kan wani ɗan benci da ke kusa da injin matse takarda, wanda tsayinsa daga ƙasa bai wuce taƙi ɗaya ba.

Ranar Talata hadari ya haɗu tun azahar. Matata ta kawo mini abinci, kafin ta juya ruwa ya tsuge, sai ta zauna jira. Ba a jima ba aka ɗauke wuta. Garin ya yi duhu, cikin shago kuwa ko tafin hannunka ba ka gani. Wajen ƙarfe uku na ji sanyi a ƙafata. Kwatar titi ta cika ta tumbatsa, ruwa yana gangarowa ta matakala kamar an buɗe famfo. A kusurwar shagon ta baya akwai wata magudana mai murfin ƙarfe da aka yi don irin wannan rana, amma ruwan bai tafiya. Ta toshe.

Tunda sanarwar mutuwa ce, ba wurin ƙarya ba ne. Abin da na fara ji a zuciyata daɗi ne. Wata goma sha ɗaya ina jiran ranar da za a nemi Soja da gaske, ga ta ta zo, har da mai shaida. Na ce wa matata ta zauna inda take, kada ta ji tsoro. Ta ce ba ta ji ba. Na zare Soja daga kube, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, hawa na huɗu. Shago ya yi fes. Na taka cikin ruwa zuwa kusurwa, na durƙusa, na tura ta ƙasa da hannuna don in ga murfin magudanar.

Ta yi ƙoƙari, wannan zan shaide ta. Ruwan ya yi haske ja-ja kamar shayi, na hango gefen murfin. Sai hasken ya girgiza. Sai ta soma sauya hawa da kanta ba tare da na taɓa ta ba, daga na huɗu zuwa na biyu, ta koma na ɗaya, ta haura na biyar ta yi walƙiya sau uku ko huɗu kamar mai neman taimako. Na fizgo ta sama. Hasken ya ragu ya koma kamar garwashin da ya kusa mutuwa, na ga ruwa yana rawa a bayan gilashinta. Daga nan sai duhu.

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Makunnin yana amsawa, ita ba ta amsawa.

Ga abin da na yi bayan haka, kuma ina so a karanta shi a hankali. Ruwa ya kai mini ƙauri. Na tsaya a tsakiyar shago cikin duhu, na kwance murfinta, na zazzage ta, na hura mata iska, na goge batirin da rigata, na mayar, na danna, na sake kwancewa. Ina kiran sunanta a hankali. Na lalubi kanta ta sama, na shimfiɗa tsumma, na kwantar da ita inda ruwa ba zai kai ba. Ban san minti nawa na ɗauka ba. Muryar matata ce ta dawo da ni.

"Maigida, takardun Inna suna ina?"

A daidai lokacin na tuna inda suke. Ita kuwa ba ta jira amsa ba. Na ji tafiyarta cikin ruwa, na ji ta buge da injin matse takarda, na ji ta ja numfashi. Ba ta da fitila, wayarta tana cikin jaka a rataye. Shekara goma sha tara take share shagon nan duk ranar Asabar, ta san inda nake ajiye abin da bai kamata a ajiye a can ba. Ta ɗauki tulin gaba ɗaya ta ɗora a ka, ta tsaya a kan matakala ta biyu, a inda rumfa ta kare ruwan sama. Na ƙasan tulin yana ɗiga a kafaɗarta.

Mai aski ne ya ceci sauran shagon. Ya shigo ba takalmi, wando a naɗe, da sandar tsintsiya a hannu. Ya lalubi murfin da yatsun ƙafa, ya ɗaga shi da sandar, ya zura hannu har kafaɗa. Ruwa ya yi wata ƙara ya soma tafiya. Da aka kawo wuta muka ga abin da ya ciro. Guntattakin takarda ne da zare da busasshen gam, cike da hannu biyu, waɗanda ni da kaina nake turawa kusurwar nan da ƙafa idan na ji ƙyuyar kwashewa. Ya dube su, ya dube ni. Bai ce Kwamanda ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Shafi goma sha tara ruwa ya ci. Mun sa su tsakanin fararen takardu mun danne, sun bushe, amma tawadar ta narke ta zama shuɗin gajimare. A wasu wuraren ana ganin rabin suna, a wasu rana kawai, a wasu babu komai.

Washegari ina da wuri biyu da zan je: gidan Inna da shagon mai gyaran rediyo. Kowa ya san wanda ya kamata in fara zuwa. Na fara zuwa wurin mai gyara.

Dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya karɓi gawar, ya kwance ta, ya ciro zoben robar da ɗan hantsaki ya ɗora a farar takarda. Zoben ya kumbura, ya saki, ga wata 'yar tsaga a gefe. Ya kai shi hanci ya shinshina.

Ya ce, "Wannan ƙamshin fure daga ina?"

Na faɗa masa. Ya sauko da tabarau na biyu ya ƙara a kan na farko, ya dube ni ta cikinsu.

"Sau nawa ka ciro shi?"

Na ce ban ƙirga ba. Ya ce in kintata. Na ce kamar sau ɗari.

Ya yi mini bayani a natse, kamar likitan da ya san dangin mamaci ne suka ba shi guba amma ba ya son tashin hankali. Duk jure ruwan da tocilar ke da shi a wannan ɗan zoben yake. Maiƙon da nake gogewa shi ne ransa. Man hannu yana kumbura irin wannan roba, tsinin allura kuma yana tsaga ta. Ban da haka, mita biyun da aka rubuta a kwali ana nufin ruwa mai tsabta da ke tsaye wuri ɗaya, ba ruwan kwata mai gudu da yashi ba. Ya ce abin mamakin ba mutuwarta ba ne, yadda ta kai wata goma sha ɗaya ne.

Don ya sanyaya mini rai, sai ya ciro wayarsa ya nuna mini sababbin da ake cewa suna tafe. Wai za su jure mita goma, wasu ma fiye. Batirinsu a ciki yake a rufe, ana caja su ta jiki ba tare da an buɗe komai ba. Ba murfi, ba zobe a waje, ba inda za a kwance. Na ji zuciyata ta motsa, ina mai kunyar faɗa, alhali gawa tana kwance a gabana.

Na ce, "To in ba a buɗe su, ta ina mutum zai duba ko ruwa ya shiga?"

Ya mayar da wayar aljihu. Sannan ya ce, "Ai saboda irinku aka yi su haka, malam."

Na nannaɗe Soja a tsummanta na sa a aljihu, na ɗauki shafuka goma sha tara, na nufi gidan Inna. Ban taɓa sanin layin nan yana da tsawo haka ba. Na same ta a ɗakinta a bakin gado tana tsince zare daga wani tsohon mayafi. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi komai, har da bencin, har da kanta ta sama, har da abin da nake yi lokacin da ruwa ke cin takardunta. Matata ce ta ce in ban faɗa duka ba, ita za ta zo ta cike.

Inna ta karɓi shafukan ta kai su dab da idonta, ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa shuɗin nan da yatsa. Na so ta zage ni, ba ta yi ba. Da ta kai na ƙarshe ta ajiye su a cinya, ta ce, "Wannan shekarar ce ashe."

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Shekarar da aka yi mini tagwaye sau uku a wata ɗaya. Na san ta." Ta rufe ido, ta soma jero sunayen mata, wannan ranar Lahadi da hantsi, namiji, wannan ta sha wuya kwana biyu, mace. Ta jero kusan goma ba ta tsaya ba. Sai ta buɗe ido ta dube ni.

"Kai ma kana ciki, ka sani?"

Ban sani ba.

"Shafi na shida a cikin waɗannan. Da ƙafa ka fito. Na juya ka, ka koma. Na sake juya ka, ka sake komawa. Na ce wa mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, wannan yaron komai nasa ta baya zai riƙa farawa." Ta miƙo mini shafukan. "Gobe ƙarfe takwas ka zo da alƙalami da takarda mai kyau. Ni in faɗa, kai ka rubuta. Kuma ka bar fitilar a gida."

Yau kwana tara ke nan ina zuwa. Tana faɗa ina rubutawa, in ta gaji mu sha shayi, ta ba ni labarin iyayen mutanen da nake gaisawa da su kullum ban san da ƙyar suka zo duniya ba. Mun dawo da kusan duka. Na rubuta layina da hannuna, ta sa na karanta mata shi sau biyu don ta tabbata ban gyara maganar ƙafa ba. Amma akwai layi huɗu da suka ƙi dawowa. Ta san an yi haihuwar, ta tuna ɗaya ma ana ruwa, amma sunayen sun tafi. Jiya ta daɗe tana murza goshi a kansu, sannan ta ce, "Bar su, ɗan nan." Ta juya fuska wajen bango, ni kuma na yi ta gyara bakin alƙalamin da ba abin da ya same shi.

Marigayiya ta rasu ta bar batir ɗaya, wanda mai gyara ya ce lafiyarsa ƙalau amma ba shi da inda zai shiga. Ta bar caja, da kube, da igiyar hannu da ba a taɓa ɗaura mata ba. Ta bar kwali, wanda a ƙarƙashin soson cikinsa na gano shekaranjiya akwai sababbin zoben roba guda biyu da 'yar robar man da ya dace da su, a liƙe yadda suka zo. Ta bar takardar bayani, wadda yanzu na karanta, kuma layi na uku a cikinta yana cewa kada a riƙa ciro zoben. Ta bar bokiti, wanda ya koma aikinsa na wanki cikin farin ciki. Ta kuma bar ni.

Wasu abokai da suka ji labari sun tambaye ni, a matsayina na wanda ya gani, zurfin ruwa nawa ya kamata sababbin tocilolin nan su jure kafin mutum ya saya. Na yi tunani a kai. Soja an yi ta don mita biyu, ta mutu a ruwan da bai kai gwiwa ba. In an yi wadda za ta jure mita ɗari aka ba ni, zan sami hanyar kashe ta a kofin shayi. Shawarata ga masu ƙerawa ita ce su rage gwada su a tafki, su nemi mutum irina su ba shi wata shida.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Ba za a yi wa gawar wanka ba, ta sha ruwa ya isa. Ba kuma za a binne ta ba. Matata ta ce ƙarfe mai nauyi haka ba a zubar da shi, don haka daga yau za a ɗora ta a kan tulin takardu ta riƙa danne su kada fanka ta kwashe, aikin da za ta iya yi ba tare da an danna komai ba. Batirin za a miƙa shi ga mai gyara ya san inda ake kai irinsu.

Za a karɓi gaisuwa a shago ranar Asabar da Lahadi, daga ƙarfe biyu na rana, domin da safe ina wurin Inna. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da tocila don nuna mini, kada kuma a turo mini bidiyon sababbin da ke tafe, har yanzu ban warke ba. Mai aski ya yi alkawarin ara mana benci.

Roƙo na ƙarshe, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa na yarda a liƙa takardar nan inda kowa zai karanta. Duk wanda aka haifa a hannun Inna shekara arba'in da shida da suka wuce, tsakanin watan uku da watan bakwai, ya taimaka ya tambayi mahaifiyarsa, ko gwaggonsa, ko duk wanda ya rage da zai tuna ranar. In da hali ya zo da ita, za mu ba ta kujera mai kyau. Ban ɗinke littafin ba tukuna. Layi huɗu ne, na bar musu wurinsu.